Tashar Dawlish: Me Ya Kai Dogo Bakin Teku, Kuma Jirginta Abin Dogaro Ne?

Tambaya: Na ga bidiyon wani jirgin ƙasa yana tsaye a tasha a Ingila, igiyar teku tana dukan tagoginsa, an ce sunan garin Dawlish. Da gaske tasha ce mai aiki? Wa ya ga dacewar shimfiɗa dogo a bakin ruwa haka, kuma me ya hana a matsar da shi? Zan je karatu Exeter, ina so in san ko jirgin da ke bi ta nan abin dogaro ne.

Malam, abin da ka gani ba haɗin kwamfuta ba ne. Tashar Dawlish tana nan tana aiki kullum, a gundumar Devon da ke kudu maso yammacin Ingila, kimanin mil 12 daga Exeter, kuma fasinja wajen rabin miliyan ne ke hawa da sauka a cikinta a shekara. Duk jirgin da ya taso daga Landan zai je Plymouth ko Cornwall, ta gaban wannan tasha zai wuce, don babu wani layin sai shi. Ka riƙe wannan magana, a kanta sauran bayanin ya rataya. Aikina kula da dogo ne da gine-ginen da ke tare shi, kuma a wurin masu wannan sana'a da Dawlish ake karantar da sababbin shiga, domin kusan duk ɓarnar da ruwa ke iya yi wa layi an gan ta a nan.

Wanda ya zana layin shi ne Isambard Kingdom Brunel, injiniyan kamfanin South Devon Railway, wanda majalisar dokoki ta ba izinin aiki a 1844. Burin kamfanin ya haɗa Exeter da Plymouth. To amma tsakanin Exeter da Newton Abbot akwai tsaunukan Haldon, kuma kan jirgin wancan zamani ba shi da ƙarfin hawan tudu mai tsayi da kaya a bayansa. Fasa rami mai tsawo cikin dutse kuwa aiki ne na diga da shebur da albarushi, mai cin kuɗi da shekaru da rayukan lebura. Bakin ruwa shi ne shimfiɗaɗɗe. Sai Brunel ya bi gefen kogin Exe har Starcross, ya kama gaɓar teku daga inda Dawlish Warren take yau zuwa Teignmouth, sannan ya juya ya bi gefen kogin Teign zuwa Newton Abbot. Tsakanin Dawlish da Teignmouth, inda jan dutse ya kutso cikin ruwa, aka fasa gajerun ramuka, yau biyar ne: Kennaway, Coryton, Phillot, Clerk's da Parson's.

Akwai dalili na biyu da masu cewa wauta aka yi suke mantawa. Jirgi mutane yake nema, kuma a kan tsaunukan nan ba kowa sai gonaki. A bakin teku garuruwan suke. Dawlish ƙauyen masunta ne da tun ƙarshen ƙarni na 18 masu hali suka fara zuwa wanka da shan iskar teku, Teignmouth kuma tana da tashar jiragen ruwa. Saboda haka ni ban ɗauki zaɓin Brunel a matsayin ganganci ba. Abin da ya yi shi ne ya sauƙaƙa wa kansa gini, ya bar wa na bayansa wahalar gyara, kuma ya raina ƙarfin teku. Aka buɗe tashar ranar 30 ga Mayu 1846, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da ruwa ya taɓa layin. Ya sake fasa katanga a 1855, da 1859, da lokacin sanyin 1872 zuwa 1873. Garin ma ya biya nasa rabon, don dogo ya raba shi da rairayinsa. Har yau wanda zai je bakin ruwa daga tsakiyar gari sai ya bi ta ƙarƙashin wata 'yar gada mai ginshiƙai da ake kira Colonnade, dab da tasha, inda ƙoramar garin ita ma take fita zuwa teku.

Sai kuma abin da ya fi komai ban mamaki a tarihin tashar. Bayan an ba da izinin aiki, Brunel ya kawo shawarar a riƙa jan jirgi a wannan layi ba tare da kan jirgi ba. Wata dabara ya ɗauko ta Samuel Clegg da 'yan'uwa biyu 'yan gidan Samuda, wadda aka riga aka gwada a Dalkey kusa da Dublin. Ana shimfiɗa bututun ƙarfe mai faɗin inci 15 a tsakanin dogo biyu, an tsaga shi ta sama daga farko har ƙarshe. A cikin bututun akwai toshi mai zamewa, an haɗa shi da taragon gaba da wani hannun ƙarfe da ya fito ta tsagar. Duk bayan kimanin mil uku an gina ɗakin inji a gefen layi, ɗaya a Dawlish, kuma aikin injin shi ne ya zuƙe iskar da ke cikin bututun ta gaban jirgi, kamar yadda kake zuƙar lemo da tsinke. Da gaba ta zama babu iska, sai iskar duniya ta danno toshin ta baya, jirgi ya tafi. Babu hayaƙi, babu tartsatsin wuta a ido, babu nauyin kan jirgi a kan dogo, kuma an auna gudun da ya kai mil 68 a awa, abin da ba ƙarami ba ne a 1848.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsagar nan. Dole ta kasance a rufe ruf don kada iska ta shiga, amma ta buɗe daidai lokacin da hannun ƙarfen zai wuce, ta sake rufewa a bayansa. Da fata aka yi murfin, doguwar fata da aka ƙarfafa da faifan ƙarfe, ana shafa mata kitse da mai don ta manne. Mil ashirin na fata, a fili, a bakin ruwan gishiri. Zuƙar iskar tana tsotse man da ke jikinta ta bushe, sanyi ya sa ta ƙage, tsatsar ƙarfen ta haɗu da sinadarin jima ta ci ta, sai ta fara tsagewa. Iska na shiga ta tsagun, injuna na ƙara cin gawayi don su cike giɓi. Ga shi kuma da farko ba a haɗa ɗakunan injin da wayar tangarahu ba, don haka da jadawali suke aiki: lokacin jirgi ya yi sai su kama zuƙa, ko da jirgin ya makara da rabin awa. Za ka ji ana cewa ɓeraye ne suka cinye fatar saboda kitsen. Labarin yana da daɗin faɗa, amma ba shi ya kashe tsarin ba. Fata ce ba ta dace da aikin ba, kuma a lokacin babu abin da zai maye gurbinta.

An fara ɗaukar fasinja da wannan hanya ranar 13 ga Satumba 1847, aka daina a Satumban 1848, shekara guda ke nan. Kamfanin ya zuba fiye da fam dubu 400 a ciki, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, aka koma wa kan jirgi mai tururi. Abin da nake girmamawa a nan shi ne Brunel da kansa ya ba da shawarar a dakatar, bai tsaya kare sunansa da kuɗin masu hannun jari ba. Ɗakin injin Dawlish an rushe shi tuntuni, amma na Starcross yana tsaye da hasumiyarsa, za ka gan shi ta taga in ka taso daga Exeter. An kuma ajiye guntun bututun a gidan tarihin jiragen ƙasa na Didcot. Tabon wannan gwaji bai gushe ba: don an zaci iska za ta ja jirgi, aka yarda da hawa masu tsanani bayan Newton Abbot, irin su Dainton da Rattery, kuma har yau jirage suna fama da su.

Tashar farko ta katako ce, gobara ta cinye ta ranar 14 ga Agusta 1873. Ginin da ke wurin yanzu an buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1875, kuma yana cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sauya musu kama ba da izini ba. A 1876 kamfanin Great Western ya haɗiye South Devon. Dogon Brunel mai faɗi ne, ƙafa 7 da rubu'in inci, alhali sauran ƙasar na kan ƙafa 4 da inci 8 da rabi. A watan Mayun 1892 aka tara ma'aikata sama da dubu huɗu, cikin Asabar da Lahadi guda suka matse mil 171 na layin yamma da Exeter, ranar Litinin jirage suka dawo a kan sabon awo. Ramukan Dawlish kuwa layi ɗaya suke ɗauka har sai da aka faɗaɗa su, aikin ya kammala a 1905. Gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa a 1948, aka daina lodin kaya a tashar a 1965, aka rufe ɗakin sigina a 1986 lokacin da aka mayar da sarrafa layin Exeter.

Tambayarka ta me ya hana a matsar da layin, an yi ta tun kafin a haifi iyayenmu. A tsakiyar shekarun 1930 Great Western ta samu izinin majalisa ta gina sabon layi ta cikin ƙasa wanda zai kauce wa Dawlish. An auna, an sayi filaye, sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, aka ajiye maganar. Bayan yaƙi aka sayar da filayen, izinin ya mutu. Wannan ma da sauƙi, don a lokacin akwai mafita biyu. Akwai ƙaramin layi ta kwarin Teign da ake karkatar da jirage in teku ta yi fushi, aka rufe shi ga fasinja a 1958. Akwai kuma cikakken layi na biyu daga Exeter zuwa Plymouth ta arewacin tsaunukan Dartmoor, ta Okehampton da Tavistock, aka datse tsakiyarsa a 1968 don rage kashe kuɗi. A ganina wannan ne babban kuskuren da aka tafka a tarihin layin nan, ya fi na fatar Brunel muni. Tun daga ranar, birnin Plymouth mai mutum sama da dubu 250 da gundumar Cornwall ɗungurungum suka rataya a kan katanga ɗaya ta zamanin Sarauniya Victoria.

Sakamakon ya bayyana daren Talata 4 ga Fabrairu 2014. An yi makonni ana guguwa a jere, rairayin da ke kare gindin katanga ya zaizaye, sai iska mai ƙarfi ta zo daidai da cikar teku. Don ka gane abin da ya faru, ka san cewa tsohuwar katangar fuska ce ta dutse, bayanta ciko ne na ƙasa da ɓaraguzai, a kan cikon aka zuba tsakuwa, a kan tsakuwa aka ɗora dogo. Ba dukan igiya kaɗai ke kayar da irin wannan gini ba, janyewarta ta fi ɓarna. Da zarar duwatsu biyu ko uku sun fita, kowace igiya in za ta koma sai ta tafi da ƙasa, ramin na ƙara girma ta ciki inda ido ba ya gani, har fuskar ta rasa abin jingina ta kife. Kafin gari ya waye kimanin mita 80 na katanga sun tafi a wajen Riviera Terrace, arewa da tasha kaɗan. Ƙasa ta tafi, tsakuwa ta tafi, rabin titin unguwa ya tafi, dogo biyu suka rage suna lilo a sama da falankan kankarensu, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi. An kwashe mutanen gidajen da ke wurin cikin dare. Dandamalin tashar na ɓangaren teku, wanda katako ne, shi ma ya farfashe. Allah Ya kiyaye, babu jirgi a kan layin, ba a rasa rai a wurin ba.

Wurin da ya fashe yana da tarihinsa. Lokacin gini, wani mai gida a bakin ruwa ya ƙi yarda masu yawo a kan katanga su riƙa leƙa masa gida, sai aka saukar da hanyar ƙafa ƙasa a wannan yanki maimakon ta bi saman katanga kamar sauran wurare. Wannan ya bar katangar siririya a daidai nan. Ruwa ya fasa ta a wurin a 1930, ya dawo ya fasa a 2014. Alfarmar da aka yi wa mutum ɗaya a shekarun 1840 ce aka biya bayan shekara 170.

Gyaran abin koyi ne. Ba a iya aiki sai teku ta janye, don haka da jadawalin ruwa ake shiga da fita, dare ko rana. Abu na farko shi ne tsayar da zaizaya: aka yanke dogon da ke lilo aka kwantar da shi a kan ramin, aka fesa kankare a fuskar ƙasar da ta rage. Sannan aka jera kwantenonin jirgin ruwa a gaban giɓin, aka yi musu walda da juna, aka cika su da duwatsu don su tare igiya. Ranar 14 ga Fabrairu wata guguwar ta zo ta lanƙwashe kwantenonin, ta ƙara giɓin zuwa wajen mita 100. Ana cikin haka sai gangaren dutse kusa da Teignmouth ya fara zamewa da tan dubbai na ƙasa a saman layin, dole aka kawo manyan famfuna aka riƙa feshe shi da ruwa don ya zubo da gangan kafin ya zubo a kan jirgi. Ma'aikata wajen 300 ne suka yi aikin, aka kashe fam miliyan 35, aka buɗe layin ranar Juma'a 4 ga Afrilu. Wata biyu ke nan motocin safa ne ke jigilar fasinja, masu otal da masu kifi da ɗalibai kowa ya ji a jikinsa.

Faci aka yi a 2014. Aikin gaske ya fara ne a 2019, lokacin da gwamnati ta ware fam miliyan 80 don sabuwar katanga a gaban garin. Kashi na farko, mita 360 a gefen Marine Parade, ya ɗaga tsayin katangar daga mita 5 zuwa 7 da rabi, aka gama a 2020. Kashi na biyu, mita 415, shi ya ratsa ta gaban tashar kanta, aka gama a 2023, kuma don a kafa ginshiƙansa sai da aka kawo wani dandamalin aiki mai ƙafafu takwas da ke takawa cikin ruwa, Wavewalker. In ka je ka dubi saman katangar da kyau. Ba miƙaƙƙe ba ne, an lanƙwasa leɓensa ya kalli teku, yadda igiya in ta hau sai ta bi lanƙwasar ta kife baya maimakon ta zubo kan dogo. An tsara ta don shekara ɗari, tare da lissafin cewa teku za ta ƙara hawa. Wasu mazauna Marine Parade sun koka cewa an tare musu kallon ruwa daga ƙofar gida, kuma kukansu gaskiya ne, amma ban ga yadda za a yi katanga ta tare igiya ba ta tare ido ba. A bakin ramin Parson's kuma an gina rumfar kankare mai tsawon mita 109 don ta tare duwatsun da ke gangarowa.

To a matsar da layin ko a bar shi? Hukumar Network Rail, mai dogo da tashoshi, ta yi lissafi a 2014: farfaɗo da layin Okehampton zai ci kimanin fam miliyan 875, sabon layi mai dogayen ramuka ta ƙarƙashin Haldon kuwa daga biliyan ɗaya da rabi har zuwa biliyan uku. Ra'ayina shi ne ba zaɓi ne tsakanin wannan da wancan ba. Ko an gina sabon layi gobe, ba za a iya sakin katangar Dawlish ba, don ba jirgi kaɗai take karewa ba, gidajen garin suna bayanta. Kuma Dawlish da Teignmouth da Starcross suna buƙatar jirginsu. Ɗalibi da ma'aikacin asibiti da ke zuwa Exeter kullum ba ruwansa da jirgin da zai wuce ta ƙarƙashin tsauni. Abin da ya kamata shi ne a riƙe na bakin teku, a kuma dawo da na arewa ya zama madogara ranar da teku ta hana. An yi rabin hanya, don jirgin fasinja ya koma Okehampton a Nuwamban 2021 kuma mutane sun karɓe shi fiye da yadda aka zata. Saura giɓin da ke tsakanin Okehampton da Bere Alston ta Tavistock. Haɗarin da ya fi damuna yanzu ma ba igiya ba ce, gangaren jan dutsen da ke tsakanin Parson's da Teignmouth ne, wanda ruwan sama ke jiƙa shi yana motsi. An taɓa kawo shawarar a matsar da dogo cikin rairayi don a nisanta shi da dutsen, mutanen gari suka ƙi don za su rasa bakin ruwansu, aka koma ɗaure gangaren da ƙusoshi da raga da gyaran magudanan ruwa.

Yanzu ga abin da zai amfane ka in ka isa. Kamfanin Great Western Railway ke tafiyar da tashar. Jiragen da za ka fi hawa su ne na kusa, masu tasowa daga Paignton su bi Torquay da Newton Abbot da Teignmouth, su tsaya Dawlish, su wuce Exeter, yawancinsu har Exmouth. Da rana kusan duk rabin awa akwai ɗaya, ranar Lahadi da dare sukan ragu. Zuwa Exeter St Davids minti 15 ne zuwa 25, ya danganta da tsaye-tsayen jirgin. In jami'a za ka, a St Davids za ka sauka ka hau tudu; in cikin gari za ka, zauna har Exeter Central. Kada ka firgita in jirgin ya tsaya a St Davids ya fara tafiya da baya, haka hanyar Exmouth take. Akwai 'yan jirage a rana da ke zuwa Landan Paddington kai tsaye, tafiyar kimanin awa uku, wasu na kamfanin CrossCountry ma sukan tsaya a hanyarsu ta Bristol da Birmingham. Sauran manyan jiragen, har da na dare mai gadajen kwana da ke zuwa Penzance, wucewa suke yi, sai ka canza a Exeter ko Newton Abbot. Ka lura kada ka sauka a Dawlish Warren kana zaton ka iso, tasha ce dabam, ita ke gabanta in ka fito daga Exeter. Kuma in daga Exeter ka taso, ka nemi kujerar hagu, ta nan ruwan yake.

Dandamali biyu ne, suna sama da titi. Na ɓangaren gari shi ne na masu zuwa Exeter, na ɓangaren teku na masu zuwa Newton Abbot da Paignton. Shekara da shekaru mai keken guragu ko mai jan akwati yana shan wuya kafin ya ƙetara, sai a 2024 aka buɗe sabuwar gada mai lif a kowane gefe. Akwai ofishin tikiti amma ba ya wuni a buɗe, akwai na'urar sayar da tikiti, ana kuma saye a waya. A 2023 an so a rufe ofisoshin tikiti a faɗin Ingila, jama'a suka yi caa, aka janye, kuma na ji daɗin haka, don garin da tsofaffi suka yi yawa irin wannan ba a bar shi da na'ura kaɗai.

Ka sayi tikiti kafin ka hau, don tarar shiga ba tikiti fam 100 ce ban da kuɗin tafiyar. Tikitin da aka rubuta Anytime kowane jirgi za ka hau da shi, shi ya fi tsada. Off-Peak na bayan cunkoson safe ne. Advance ya fi araha a doguwar tafiya amma ya ɗaure ka da jirgi ɗaya, in ka rasa shi ka rasa kuɗinka. Tunda ɗalibi ne kai, nemi katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25, yana cire kashi ɗaya cikin uku, kuma ɗalibin da ke cikakken karatu yana samunsa ko ya haura shekarun. In jirgin Great Western ya makarar da kai minti 15 ko fiye, kana da haƙƙin a mayar maka da wani abu daga kuɗinka, amma sai ka nema. Sunan kamfanin da ke jikin jirgin yana iya canzawa nan gaba, don dokar 2024 tana mayar da kamfanonin jigilar fasinja hannun gwamnati ɗaya bayan ɗaya.

Batun dogaro kuwa, mafi yawan ranakun shekara tekun kwance take, jirgi na wucewa mutane na wanka a ƙasa. Gaɓar tana kallon kudu maso gabas, saboda haka iskar da ta fi yawa a ƙasar, ta kudu maso yamma, ba ta cika damunta ba. Abu biyu ne in suka haɗu ake samun irin bidiyon da ka gani: iska mai ƙarfi daga gabas ko kudu, da babbar cikar teku da ke zuwa kwana biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa, galibi tsakanin Oktoba da Maris. Masu kula da layin suna ganin wannan tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya zo. Matakin farko rage gudu ne da sa ma'aikata su bi katanga suna dubawa. In ya tsananta sai a rufe dogon da ke ɓangaren teku, jirage su riƙa karɓa-karɓa a kan na ɓangaren gari, wanda aka yi wa sigina ta kowace fuska don irin wannan rana. In ya wuce haka a tsayar da komai na awa biyu ko uku har ruwa ya janye, a kawo motoci. Jiragen CrossCountry ƙirar Voyager su ake fara sokewa, domin suna da kayan lantarki na birki a kan rufi, ruwan gishiri na taɓa su sai injin ya ɗauke, don haka a irin ranakun a Exeter sukan tsaya. In kana da jarrabawa ko jirgin sama a lokacin sanyi, duba hasashen yanayi da shafin National Rail tun daren jiya, in ka ga gargaɗin iska daga gabas ka dubi lokacin cikar teku, ka hau jirgin da zai wuce Dawlish awa uku kafin nan.